Dila ya ba ni garantin wata shida a kan inji da giya, yanzu ya ƙi gyara

Sani, Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota da waɗanda suka san doka, domin na shiga wani hali da ban san ta inda zan ɓullo masa ba. A watan Maris na sayi mota 'yar Amurka, ƙirar 2017, mai giyar otomatik, a hannun wani dila da ke kan hanyar Apapa zuwa Oshodi, a kan naira miliyan 14. Akwai inda aka yi mini tayin irinta da ragin kusan dubu 600, amma na zaɓi wannan dilan saboda garantin da ya ba ni a rubuce, wato wata shida ko kilomita 10,000, duk wanda ya riga cika, a kan inji da giya. Takardar shafi ɗaya ce, da hatimin kamfaninsa da sa hannunmu mu biyu.

Yanzu wata huɗu ke nan da 'yan kwanaki, na je Kano da ita sau biyu, kuma lambar ƙirga tafiya da ke gaban sitiyari ta ƙaru da 6,200 tun ranar da na karɓe ta. Mako biyu da suka wuce ta fara fizga idan za ta shiga giya ta uku, sannan ranar Talata a cikin gosulon Ojota ta ƙi tafiya gaba ɗaya, ina taka totur injin yana ƙara amma motar tana tsaye cik, sai da janwe ya kai ta wurin dilan. Shi kuma ya ce ba zai gyara ba saboda dalilai biyu. Na farko, wai na kai ta wurin bakanikena ya yi juyen baƙin mai kuma ya taɓa man giya, wanda gaskiya ne, an yi hakan lokacin da lambar ta ƙaru da 5,000. Na biyu, wai ƙasan motar yana warin danshi, alamar na shiga ruwa da ita. Na taɓa ratsa ruwa sau ɗaya a daminar nan, amma bai wuce rabin taya ba. Takardar ba ta faɗi inda zan riƙa yin sabis ba, abin da kawai ta ce shi ne garantin ba ya aiki idan an yi amfani da motar ba bisa ƙa'ida ba. An yi mini kiyasin naira miliyan 1 da dubu 800 na sayen wata giyar a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo da kuɗin ɗaurawa.

Shin dilan yana da hujja? Shin garantin kamfanin da ya ƙera motar yana nan, tunda na ga littafinsa a cikin aljihun motar? Kuma ina da cikakkiyar inshora, ko ita za ta iya biyan wannan gyaran? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Bala, Ikeja

Wa alaikumus salam Malam Sani, Allah ya mayar da alheri. Na daɗe ina aiki a sashen sabis na motoci, kuma kafin komai ina so ka koma wurin motar yau, ka kunna ta a tsaye ba tare da ka motsa ta ba, ka dubi ƙananan haruffan da ke gefen lambar nan. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6 da ɗan ɗoriya. Idan 6,200 ɗin da ka ambata mil ne, to ka yi tafiyar kusan kilomita 9,978, abin da ya rage maka a garantin bai wuce tazarar Agege zuwa Obalende ba. Ka ɗauki hoton lambar da wayarka yadda kwanan wata zai fito, kuma kada ka yarda kowa ya fita gwaji da motar ba ka wurin.

Game da littafin da ka gani, ka cire rai da shi. Garantin masu ƙera mota yana da iyakar shekaru da ta tafiya, kuma ana ƙirga shi daga ranar da mai ita na farko ya saya. A Amurka, Toyota tana ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan mota gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, su kuwa Hyundai da Kia suna kai wa shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, amma ga mai saye na farko kawai. Bayan haka, garantin na yankin da aka sayar da motar ne, ba ya biyo ta cikin jirgin ruwa zuwa tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, kuma motar da kamfanin inshora ya yanke mata hukuncin cewa ta tashi daga aiki ya sayar da ita a gwanjo yawanci garantinta ya faɗi tun daga can. Takardar dilan nan ita ce kaɗai a hannunka.

Abin da mutane da yawa ba su fahimta ba shi ne, garanti ba alkawarin gyara duk abin da ya lalace ba ne. Alkawari ne na gyara abin da ya lalace saboda aibin da ke jikin kayan, ba saboda wani abu da ya same su daga waje ba. Shi ya sa ko sabuwar mota fil ce ba a biyan kayan da suke cinyewa da amfani, irin su takalmin birki, da faifan kuloci, da fulogi, da matatar mai da ta iska, da robar goge gilashi. Haka kuma ba a biyan ɓarnar da ruwa ya yi, ko ta haɗari, ko ta gurɓataccen mai. Waɗanda suka sha fetur ɗin nan mai yawan sinadarin metanol a watan Fabrairun 2022 sun ga haka, domin ko motarsu tana cikin garanti, laifin na mai ne ba na ƙira ba. Akwai kuma abubuwan da muke yi da hannunmu a garejojin Legas waɗanda suke soke garanti a ɓangaren da suka shafa, kamar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye wai don kada inji ya yi zafi, da fasa salansa a cire matatar hayaƙi, da yanke wayoyi wajen sa na'urar bin sawu, da mayar da mota mai amfani da gas ba da iznin mai garantin ba.

Saboda haka maganarku da dilan ta tsaya a kan tambaya ɗaya, mene ne ya kashe giyar? Wannan kuwa ba a gane shi da shinshina kafet. Man giya da kansa yana ba da labari. Sabo yawanci ja ne garau. Idan ya koma ruwan ƙasa mai duhu yana warin ƙuna, faya-fayan ciki sun daɗe suna cinyewa. Idan kuwa ya yi fari-fari kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ya shiga. Ko an ga ruwan ma ba a gama magana ba, domin hanya biyu yake bi: ko ta bututun numfashi da ke saman giyar, wanda ruwan rabin taya da wuya ya kai gare shi, ko kuma ta cikin lagireto, inda a motoci da yawa man giya yake ratsawa ta wani bututu domin ya huce, idan bututun ya tsage sai ruwan lagireto ya gauraya da man. Idan ta nan ne, za a ga maiƙo a cikin lagireton ma, kuma wannan ba laifin direba ba ne. Sannan a ƙasan giyar akwai faranti mai maganaɗisu a ciki, idan aka kwance shi aka ga garin ƙarfe ya taru kamar gashin baki, to ciwon ya girmi wata huɗu.

Inda nake jin tsoro a gare ka shi ne man da bakanikenka ya zuba. Kowace giya tana da nata man, Toyota tana da WS, Honda tana da DW-1, irin giyar otomatik da ake kira CVT kuma nata daban ne gaba ɗaya, kuma man da bai dace ba yana iya sa giya fizga cikin 'yan makonni. Ka tambaye shi sunan man, idan galan ɗin yana nan ka karɓo shi. Kada a zubar da man da ke cikin giyar yanzu, a ɗebi kaɗan a kwalabe biyu masu tsabta a gabanku, kowa ya riƙe ɗaya. A sa kwamfuta a karanta lambobin matsalar, a buga su a takarda kafin wani ya goge. A ƙarshe ka ɗauki lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka biya a ciro maka tarihinta a intanet. Zai nuna yawan tafiyar da ta yi kafin ta bar Amurka, da ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Guguwar Harvey ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Houston a shekarar 2017, haka guguwar Ian a Florida a 2022, kuma irin waɗannan motoci ta gwanjo suke fita, don haka warin danshi ba lallai ne na daminar Legas ba.

Hajiya Rabi, Obalende

Malam Sani, a kamfanin inshora nake aiki, kuma amsar tambayarka ta uku ita ce a'a, sai dai a yanayi ɗaya. Inshorar mota iri biyu ce a wurinmu. Ta dole, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 ga motar gida daga watan Janairun 2023 bisa umarnin hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne kawai, har zuwa naira miliyan 3 a kan dukiya. Cikakkiya kuma, wadda hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, tana ƙara haɗari da gobara da sata. Idan ka duba shafin abubuwan da aka keɓe a takardarka za ka ga lalacewar inji ko giya ko wayoyi, da cinyewa saboda tsufa, an fitar da su ƙarara. Inshora ta abin da ya faɗo wa mota daga waje ce, garanti kuma na abin da ya ɓaci daga ciki.

Yanayin da na ce shi ne ambaliya. Wasu takardun sun haɗa da ita, wasu kuma sai an biya ƙari. Idan bincike ya nuna ruwan hanya ne ya shiga giyar, kuma takardarka ta ƙunshi ambaliya, kana iya neman diyya, ko da yake za a tambaye ka dalilin da ya sa ba ka sanar da wuri ba. Amma ina ja maka kunne, kada ka ce wa dila ruwa bai taɓa motar ba, sannan ka zo ka ce wa kamfanin inshora ruwa ne ya kashe ta. Masu bincikenmu suna zuwa gareji su tambayi bakanike, kuma magana biyu tana iya sa ka rasa duka biyun. Akwai wani tsari na daban da ake sayarwa a ƙasashen waje musamman domin lalacewar inji bayan garanti ya ƙare, shi ma yana zuwa da sharuɗɗan sabis a kan lokaci, da iyakar abin da za a biya, da kason da mai mota zai cika daga aljihunsa, kuma ba ya karɓar ciwon da ya riga ya kama mota kafin a shiga.

Alhaji Ɗanladi, Berger

Ni dila ne, shekarata sama da ashirin ina sayar da motocin Beljiyam, kuma zan faɗi abin da 'yan'uwa ba za su so ji ba. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar da ta yi shekara takwas a hannun wani ba sabuwa ba ce, mu kanmu ba mu buɗe cikin giyarta ba kafin mu saya, hoto da takarda muka gani muka tura kuɗi. Yawancinmu a nan da zarar mota ta fita daga fili an gama ciniki, don haka wanda ya rubuta wata shida ya yi ƙoƙari. Injiniya ya yi gaskiya a batun mil, amma wuƙar tana yanka ta gefe biyu. Idan mil motar take ƙirgawa, to Malam Sani bai yi juye ba sai bayan kilomita 8,000, a garin da mota take yin awa biyu a gosulo injin yana aiki lambar ba ta motsi, inda masu sabis suke ba da shawarar kada a wuce kilomita 5,000. Sannan me ya kai bakanike taɓa man giyar da take cikin garanti ba a kira wanda ya ba da garantin ba? Mun sha ganin mutum ya sa mota a Uber ko Bolt, ta yi aikin shekara cikin wata uku, ya dawo yana rantsuwa cewa daga gida sai ofis.

Ban ce haka Malam Sani ya yi ba. Shawarata ita ce ya nemi shugabannin ƙungiyar dillalan filin da ya sayi motar, domin babu dilan da yake son a zauna a kansa gaban abokan sana'arsa, kuma a irin wannan zama akan raba asarar. Idan za a sayo giya a Ladipo, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar giyar da adadin kwanakin gwaji da mai shagon ya yarda da su, a yi mata alama da fenti a gabansa, domin garantin Ladipo na 'yan kwanaki ne, idan suka wuce ba mai sauraron ka.

Barista Amina, Yaba

Da girmamawa ga Alhaji, ranka ya daɗe, karin maganar rariya tana aiki ne ga wanda ya saya ba tare da alkawari ba. Malam Sani ya biya ƙarin kusan dubu 600 saboda alkawarin, kuma abin da aka rubuta aka sa wa hannu yarjejeniya ce, ba alfarma ba. Jinkirin juyen baƙin mai zai zama hujja da injin ne ya buga, amma giya ce ta lalace, kuma baƙin mai ba ya shiga giya. Dilan shi ya rubuta takardar, da yana son a riƙa sabis a wurinsa kaɗai sai ya rubuta haka. A ƙa'idar fassara yarjejeniya, kalmar da ta zo a dunƙule irin “ba bisa ƙa'ida ba” akan fassara ta ne a kan wanda ya tsara ta, kuma wanda yake son fakewa da wata togaciya shi ne zai nuna cewa ta shafi abin da ya faru. Bai isa ya ce an taɓa man giya ba, sai ya nuna taɓawar ce ta jawo lalacewar. Idan kuwa ya nuna hakan, to Malam Sani ba shi da ta cewa, shi ya sa binciken da Injiniya ya zayyana shi ne ginshiƙin komai, kuma ya kamata wani bakanike na uku da ɓangarorin biyu suka amince da shi ya yi shi, ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu.

Ka rubuta wa dilan wasiƙa yau, ka faɗi ranar saye, da ranar lalacewa, da lambar da motar take nunawa, da abin da kake nema, ka ba shi wa'adi, ka sa a sa hannu a kwafinka. Amfaninta shi ne ta tabbatar cewa ka kai kuka tun garantin yana da rai, kada a yi ta ja da kai da “gobe, jibi” har wata shidan su cika. Zaman ƙungiyar da Alhaji ya kawo shawara yana da kyau, in dai an rubuta abin da aka cimma. Idan bai yiwu ba, akwai hukumar FCCPC ta tarayya da aka kafa a ƙarƙashin dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta haramta sharuɗɗan zalunci a ciniki, akwai hukumar LASCOPA mai kare masu saye ta jihar Legas, duka suna karɓar koke. Akwai kuma kotun ƙananan ƙararraki da Legas ta buɗe a 2018, wadda take sauraron neman kuɗin da bai wuce naira miliyan 5 ba, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Idan tarihin motar ya nuna an mayar da lambar tafiyarta baya, to magana ta tashi daga garanti ta koma ɓoye aibi, wadda ta fi nauyi a doka da kuma a shari'ar Musulunci.

Sani, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Injiniya, mil ne kuwa, na ɗauki hoto kamar yadda ka ce, kuma na kai wasiƙar Barista a ranar. Shekaranjiya aka kwance farantin a gaban dilan da sakataren ƙungiyarsu da wani bakanike daga Mushin da muka yarda da shi. Man ya fito baƙi-baƙi yana warin ƙuna, babu alamar ruwa ko kaɗan, maganaɗisun kuma ya cika da garin ƙarfe har bakaniken ya shafo shi da yatsa ya nuna wa kowa. Danshin ƙasan motar daga bututun ruwan na'urar sanyi ne da ya toshe. Tarihin motar ya nuna ta bar Amurka da mil 148,000, alhali na karɓe ta tana nuna 92,000, dilan ya rantse cewa haka ya saye ta a hannun wanda ya shigo da ita, ni kuma ban ja maganar ba. A nawa ɓangaren, galan ɗin da bakanikena ya kawo ba na man da littafin motar ya ambata ba ne, kuma ba ni da rasit ko ɗaya na sabis ɗin, don haka Alhaji Ɗanladi ma bai faɗi ƙasa ba.

An tsaya a kan cewa dilan zai sayo giyar, ni kuma in biya kuɗin aiki da mai da janwe, sannan an rubuta sabon garanti na wata uku a kan giyar da za a ɗaura, daga ranar da na karɓi motar, da sunan man da za a zuba da garejin da zan riƙa kai ta. A wannan karon na sa an rubuta iyakar tafiyar da mil da kilomita duka biyu. Ranar Alhamis za mu shiga Ladipo tare da bakaniken na Mushin. Injiniya, idan da abin da ya kamata mu duba a jikin giyar kafin a biya kuɗi, ina sauraro.